Baƙin Tsuntsaye Biyar na Norbert Vasko

Ranar da Misis Opal Lindqvist ta ce a taron ƙungiyarmu ta masu kallon tsuntsaye idonta ya gaji, za ta sauka daga kujerar alƙalin hotuna, ko rufe baki ba ta yi ba Norbert Vasko ya zabura ya miƙe har kujerarsa ta kife.

"Kowa ya kwantar da hankalinsa," in ji shi. "Ga magaji a tsaye."

Mu mutanen Port Aldine, da zarar sanyi ya kama, bakin tafki ya fara daskarewa, ba mu da aikin da ya wuce kallon gal, fararen tsuntsayen nan masu ihu da ke cika juji da tashar jiragen ruwa. Baƙo zai ce duk abu ɗaya ne. Mu kam mun san iri-iri ne, sai dai bambancin wani da wani bai wuce duhun tokar bayansa ko launin ƙafarsa ba. In ka ɗauki hoton wanda ya ɗaure maka kai, sai ka tura wa alƙalin hotuna na ƙungiya, abin da ya faɗa kuma ya zauna. In ya ce na gida ne, ka koma ka sha shayinka. In ya ce baƙo ne daga nesa, to ka haye: sunanka ya zaga gari, ka wuce shagon Lorna ka ci kek ɗin tuffa, don a al'adarmu duk wanda ya ga irin da bai taɓa gani ba sai ya ci kek. Wannan kujera ita Norbert ya ƙwallafa rai a kai tun ba yau ba.

Curtis Dombrowski, tsohon likitan haƙori, wanda kowa ke zaton shi zai gaji Opal, ya juyo ya dube shi.

"Kai, Norbert? Kai da bara ka nuna mana ledar burodi a kan ƙanƙara ka ce gal ce?"

"Tsayuwar gal ta yi."

"Har da sunan gidan burodin a ƙirjinta."

"Curtis, kai haƙori ka sani, tsaya a haƙori." Norbert ya zura hannu a aljihu ya zaro wani damin katuna, ya baza su kamar mafici. Katunan gwajin fenti ne, kowanne da irin tokarsa, don mutumin rabin rayuwarsa a shagon fenti ya yi ta kafin ya yi ritaya. "Duk harkar gal harkar toka ce, ni kuwa cikin toka na tsufa. Ga tokar hazo. Ga tokar ɓera. Ga tokar siminti bayan ruwan sama. Ku ba ni hoto, ko na rabin wutsiya ne, in kara kati, in faɗa muku ƙasar da aka ƙyanƙyashe shi."

Matarsa Marlene tana can baya tana saƙar safa. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Ku dai yi hattara. Mutumin nan ya taɓa nuna ƙanwata a hoton aurenmu ya ce ni ce."

"Hasken hoton ne ba kyau."

"Ni ce mai farar riga, Norbert."

Da dariya ta lafa, Opal ta yanke hukunci. A tura wa Norbert hotuna har ƙarshen sanyi, ita ba za ta duba ko ɗaya ba. Ranar taron ƙarshe a haska su a bango, a ɗaga hannu, ko shi ko Curtis. Norbert ya bugi ƙirji ya ce kafin ƙanƙara ta narke sai ya kawo wa garin nan baƙin da ko mutanen Niagara, matattarar gal, ba su taɓa gani ba. Mu dai mu bi motarsa, mu ɗauki hoto, mu bar masa sauran.

Shirinsa biyu ne. Na farko, ya loda buhunan gugguru a bayan jar a-kori-kurarsa, na kiran tsuntsaye. Na biyu, ya ce shi ba ya kallon tsuntsu mai rai. "Mai rai maƙaryaci ne, motsi yake yi. Hoto ne ba ya ƙarya." Gaskiyar maganar ita ce in ya fita cikin sanyi tabaransa hazo yake yi, sai ya cire ya ajiye a mota, ba tabarau kuwa Norbert ba ya bambance gal da bokiti.

Guggurun ma tun a gida ya fara jawo masa fitina. Akwai wata gal ta gida, irin gama-garin nan, da ta tare a rufin garejinsa tun bara, lokacin da Marlene ta cire mata zaren ƙugiya a ƙafa. Mabaraciya yake kiranta. Kowace safiya sai ya watsa mata cikin hannu guda yana zagi, wai don ta rabu da gilashin motarsa.

Fitar farko juji muka nufa, motoci a jere a bayansa kamar rakiyar amarya. Ni ne Wendell, mai kula da na'urar haska hotuna ta ƙungiya, kuma ina cikin ayarin. Rana ta fito tas a kan dusar ƙanƙara, ido ba ya buɗuwa. Norbert ya fito da hula ruwan lemo, ya hau bayan mota, ya ɗebi gugguru ya watsa sama. Bai duba inda iska ke kaɗawa ba. Gugguru ya dawo masa, ya cika wuyan rigarsa da ninkin hularsa, kafin ka ce me tsuntsayen juji gaba ɗaya sun taso sun sauka a kansa.

"Ku ɗauka! Ku ɗauka!" yake ihu yana zagaye mota da gudu. "Ba ni ba, tsuntsayen!"

Cikin wannan hargitsi na hango wata guda ɗaya tsaye a kan tarin ƙanƙara kusa da motar, ta ware daga sauran, ko a jikinta. Na ɗauke ta. Hoton ya fito fari fat, da ƙyar ake ganin ido da baki.

A shagon Lorna, Norbert ya sa tabarau, ya kara katinsa a fuskar wayata, ya ɗaure fuska don mu san aiki ake yi.

"Wendell, zauna kada ka faɗi. Wannan farar gal ce ta ƙarshen arewa, inda beyar ƙanƙara ke yawo."

"Hasken rana ne ya wanke hoton," in ji Curtis.

"Hassada ce ta wanke maka ido. Lorna, kek!"

Ni dai ban yi gardama ba. Duk mai kallon tsuntsu a ransa baƙo yake so, kuma kek ɗin da ɗuminsa ya zo.

Fita ta biyu tashar jiragen ruwa ce, ranar da gari ya yi duhun hadari. Norbert da hular gashi mai rufe kunne. Wannan karon ya duba iska, sai dai bai duba ƙasa ba. Ya taka ƙanƙara, ƙafafu suka yi sama, ya tafi a kan bayansa rungume da buhu har sai da tarin igiyoyi ya tare shi. Bernadette, malamar makarantar firamare, ta rasa wanda za ta fara kulawa, sai ta zaɓi tsuntsuwar da ke tsaye ita kaɗai a inuwar sito kusa da motar. Bayanta ya fito baƙi-baƙi a hoton.

Norbert bai ko karkaɗe wandonsa ba ya shiga mota ya sa tabarau. "Tokar gawayi!" Ya leƙo ta taga. "Bernadette, kin san abin da kika yi? Daga Siberiya ta taso!"

Bernadette ta fashe da kukan murna, ta kira mahaifiyarta a waya.

Daga nan labari ya fita daga hannunmu. Norbert ya watsa shi a duk dandalin masu kallon tsuntsaye na intanet, sai ga motoci daga Ohio, daga Michigan, har daga Ontario. Mutane su tsaya a jere a bakin tafki cikin iska mai yanka kunne, hanci na zuba, suna leƙen madubin hangen nesa. Ba wanda ya ga komai sai gal na gida. Norbert kuwa yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana girgiza kai.

"Kash! Da kun zo ɗazu. Yanzun nan ta tashi."

Wasu suka ce sun ga wani abu mai duhu can nesa, suka tafi suka ci kek a kan haka. Tuffa ta ƙare a shagon Lorna, ta koma yi da kabewa, ba wanda ya yi ƙorafi. Lorna ta fara kiran Norbert "Farfesa", shi kuma ya fara amsawa.

Ta uku a filin ajiye motoci na bayan gidan wasan ƙwallon ƙanƙara aka same ta, inda masu sayar da tsiran nama ke zubar da shara. Curtis ne da kansa ya ɗauka, don ya ƙure shi.

"Ga ta nan. Ta gida ce, ko jariri ya sani."

Norbert ya kalli wayar, ya kalli Curtis da tausayi. "Dubi ƙafar, likita. Wane launi?"

Curtis ya duba. Ya sake dubawa. "Rawaya," ya ce a hankali.

"Ta gida ƙafarta ja-ja ce. Mai rawayar ƙafa daga Turai take ƙetaro teku. Ka samo wa garin nan baƙuwa, kana neman korar ta. Lorna, a ba likita babban yanki."

Curtis ya ci, amma kamar mai shan magani.

Ta huɗu ita ta fi ba ni dariya. Da faɗuwar rana ne a bakin tafki, sama ta yi jawur, ƙanƙara ta yi ja, fuskokinmu ma sun yi ja. Wani ya ɗauki wata gal a kan dutse kusa da motar Norbert, ƙirjinta ya fito ruwan hoda. Norbert ya jefar da katunansa sama, iska ta kwashi rabinsu zuwa tafki.

"Mai ruwan hoda! Wadda mutum ke tsufa bai gani ba!"

"Norbert," in ji Curtis, "mai ruwan hoda ba ta fi kurciya girma ba. Wannan ta kai kaza."

"Ta zo ƙasar arziki ta ci ta ƙoshi. Kai da ka zo garin nan haka cikinka yake?"

Ranar taron ƙarshe, zauren da ke bakin tashar jiragen ruwa ya cika har ana tsayuwa a jikin tagogi. Baƙi sun zo, wata 'yar jarida ta zo, Lorna ta jera kek a dogon tebur. Norbert ya ajiye jar motarsa daidai bakin ƙofa, ya shigo da kwat da laktaye, ba hula, an shafe sanƙo da mai. Ya tsaya a bayan kujerar Opal yana shafa ta, kai ka ce an riga an ba shi.

"Wendell," ya ce mini da ƙarfi don kowa ya ji, "kada ka nuna su ɗaya-ɗaya kamar kayan gwanjo. Jera su duka huɗu a bango, ka ƙara musu girma. Jama'a su ga aiki."

Na jera. A fuskar waya kawai muka taɓa ganinsu, yau ga kowace ta kai girman ƙofa. Aka yi tafi. Norbert ya rusuna ta dama, ya rusuna ta hagu.

Wani dogo daga Ontario, wanda ya sha tuƙo hanya yana komawa hannu rabbana, ya ɗaga hannu. "Yi haƙuri, Mista Vasko. Mene ne jan abin nan da ke gefen kowane hoto?"

"Motata ce. Shaida ke nan cewa ina wurin."

"A duka huɗun?"

"Inda gwani yake, nan baƙi ke sauka."

Curtis ya taso ya matsa jikin bango, ya tsaya a gaban hotonsa. "Wendell, ƙara mini ƙafar nan." Na ƙara. "Jama'a, me ya sa rawayar ta tsaya a idon sawu kamar safa? Daga nan zuwa sama ja-ja ce."

"A Turai haka suke," in ji Norbert.

"Wancan da take tsaye a ciki fa? Ba miyar nan rawaya ba ce da ake shafa wa tsiran nama? Ga ma robarta a fashe."

"Ta gaji da tafiya, ta tsaya cin abinci. Laifi ne?"

Dariya ta fara tasowa daga baya. Sai Opal ta ciro tabaranta mai kauri, ta goge, ta sa. Kowa ya zuba mata ido, don ko da ido ya gaji, Opal ce.

"Wendell, ɗana, sauko mini da ƙafar hagu. Ta kowace."

Na sauko da su. Fatar da ke tsakanin yatsun farar ta arewa a tsage take. Ta Siberiya a tsage, a wuri ɗaya. Ta Turai a tsage, da miyarta. Mai ruwan hoda ma haka.

Bakin Norbert dai bai mutu ba. "Alamar tafiyar nesa ke nan. Wanda ya taso tun daga Siberiya dole ƙafa ta tsage."

"Tashi suke yi, Norbert," in ji Curtis. "Ba a ƙasa suke zuwa ba."

A nan ne saƙar Marlene ta faɗi daga cinyarta. Ta miƙe tana nuna bango da allura.

"Wayyo Allah, ai Mabaraciya ce! Ni na cire mata zaren ƙugiya a wannan ƙafar! Norbert, tsuntsuwar garejinmu ce! Kullum ka fita sai ta bi motar, ni na ɗauka ka sani!"

Zaure ya kece. Bernadette ta rufe fuska tana tambayar abin da za ta faɗa wa mahaifiyarta. Mutumin Ontario ya zauna a ƙasa yana dariya har da hawaye. Lorna ta buga cokali a tebur tana cewa kek ɗin da aka ci dai ba a mayarwa. Norbert yana ɗaga hannu yana borin kunya, wai tsagar ta biyu ta fi ta huɗu faɗi, a kawo ma'auni.

Ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Kowa ya waiga. A bakin babbar taga, daga waje, wata gal ce tsaye tana buga gilashi da baki, idonta a kan mutum ɗaya.

"To, Farfesa," in ji Curtis, "ga mai rai. Wace iri ce?"

"Ni ba na aiki da mai rai." Norbert ya zaro waya, ya ɗauke ta ta cikin gilashin da numfashin jama'a ya yi wa hazo, ya kara ragowar katunansa. Na rantse na ga fuskarsa ta washe. "Jama'a! Ku bar waɗancan huɗun! Tokar hazo mai shuɗi-shuɗi! Wannan daga gaɓar tekun yamma take, ba a taɓa ganin irinta a tafkin nan ba! Ta biyar!"

Marlene ta taka a hankali ta buɗe tagar.

Tsuntsuwar ta shigo abinta. Ta dira a kan tebur, ta ratsa tsakanin kek ba ta taɓa ko ɗaya ba, ta wuce Opal, ta wuce 'yar jarida, ƙafar hagu na barin sawu mai tsaga a kan farin ƙyalle. Ta tsaya a gaban Norbert, ta karkata kai ta dube shi, ta zura baki cikin aljihun kwat ɗinsa ta ciro gugguru.

Opal ta juyo ta dubi Norbert.

"Mista Vasko, ka fita da hula ruwan lemo, ka fita da ta gashi, yau ka zo da sanƙo da laktaye. Ta gan ka a rana, ta gan ka a inuwa, ta gan ka kwance a kan ƙanƙara. Ko sau ɗaya ba ta ɗauke ka wani ba."

"A ba ta kujerar!" wani ya yi ihu daga baya, hannaye suka tashi tun ba a kira ƙuri'a ba. Da aka kira ta gaske, Curtis ya samu kowane hannu a zauren, har da na Marlene da allurarta a ciki.

Bayan an watse na fito da na'urata na tarar da Norbert jingine da jar motarsa. Katunan fenti suna cikin kwandon shara a bakin ƙofa. Ya riƙe numfashi don kada tabarau ya yi hazo, yana kallon Mabaraciya a kan murfin injin, kallon da bai taɓa yi mata ba. Gaskiya ya ba ni tausayi, don na san yadda ya so kujerar nan. Na matsa ina neman kalmar da zan rarrashe shi da ita.

"Wendell," ya riga ni, bai ɗauke ido daga kanta ba. "Faɗi tsakaninka da Allah. Duk ƙungiyar nan, har shi Curtis ɗin, wa tsuntsu ya taɓa ganewa in ba ni ba?"

Marlene ta sauke gilashin mota.

"Shigo mu tafi gida, Norbert, kafin rana ta faɗi ka ce ni ma daga Siberiya nake."